An Ba Wani Takenka, Baba

Zuwa ga mahaifina Malam Garba, wanda filin kokawa ya sani da Kututture.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka.

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Ka riga ka kwanta dama kafin na fita, don haka ba ka ga yadda abin ya zama ba. Damina biyu a jere gero ya ƙi, taki ya fi ƙarfin talaka, na sayar da rabona na gonar bakin rafi na kama hanyar Amurka. Ban isa ba. Ina nan maƙale a wani gari na arewacin Meksiko, gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Aikin da na samu zai ba ka dariya. Ƙasa nake gyarawa a filin wani wasa da suke kira besbol. Wani ya tsaya a kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo kamar goriba, wani ya make ta da sanda mai kama da taɓarya ya zura da gudu. Tudun nan ni nake tada shi, in yayyafa masa ruwa, in daddaɓe, in bi sauran filin da manjagara. Na tsallake teku don in rabu da fartanya, ga ni ina yi wa ƙasar wasu kunyar da ba a shuka komai a cikinta. Ogana shekara uku bai riƙe sunana ba, Afirka yake kirana. Amma bai taɓa danne mini haƙƙina ba, wannan kam zan shaide shi.

Wata biyu da suka wuce, ranar wata Lahadi da rana tsaka, suka karrama tsofaffin gwanayensu na wannan wasa. Su biyar ne. Biyu a keken guragu aka turo su. Ɗaya ya rasu, 'yarsa ce ta zo riƙe da rigarsa. Ana kiran sunan kowanne, ana lissafa abin da ya yi a zamaninsa, fili kaf ya miƙe tsaye. Har waɗanda ba a haifa ba lokacin da suke tashe suna ta kiran sunayensu kamar jiya suka gan su. Sai aka rataye lambar rigar kowannensu a bango. Wani abokin aikina ya gaya mini cewa daga ranar ba mai sake saka wannan lamba a ƙungiyar, ko da ya fi mai ita iyawa.

Akwai wani tsoho a cikinsu da hannunsa na dama ba ya miƙewa, jifa ya cinye shi. Aka ba shi ƙwallo ya jefa ta ƙarshe. Ko rabin hanya ba ta kai ba ta faɗi ta gangara. Baba, da ka ji ihun da aka yi sai ka ce ya kayar da ƙato. Ya sunkuya da ƙyar ya shafi tudun nan nawa, ya murza ƙasar a yatsunsa, ya dube ni ya gyaɗa kai. Da aka tashi na gan shi a bakin titi yana jiran motar haya da takalmi duk ya cinye, don haka ba zan ce maka girman ya ciyar da shi ba. Mutanen nan ba su ji ƙaina ba, 'yan sandansu sun sha tsare ni a kan takarda. Amma ba sa zubar da nasu.

Ina tsaye riƙe da manjagara, Tanko Makaɗi ya faɗo mini a rai.

Ka tuna filin bayan kasuwa idan an gama girbi? Mutanen Tofa da na Dawaki su kewaye, mu mu kutsa ta tsakanin ƙafafu. Kowane ɗan kokawa da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa. Tanko na taɓa ganga da naka, tun kafin ka fito mata sun fara guɗa. Kututturen ɗorawa, gagara tuge!

Na tuna ranar da wani ƙato ya zo daga Dawaki yana cika baki. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, “Ɗan'uwa, ka ci tuwo kuwa? Kada gobe a ce da yunwa na kayar da kai.” Kuma idan aka tambaye ka ko kana tsoron faɗuwa sai ka ce, “Ƙasa ba ta ƙin kowa, ni dai ban shirya gaisawa da ita ba tukuna.”

Da na tasa na ɗan yi karatu, sai na fara jin kunyarka. 'Yan ajinmu suna ce mini ɗan mai warki. Na same ka kana gyaran garma na ce ka daina, girma ya kama ka. Ba ka ko ɗago ba ka ce, “Habu, da warkin nan aka sai maka littafi.”

Ranar sadakar arba'in ɗinka Tanko ya zo da gangarsa a naɗe cikin tsumma. Ya durƙusa a gaban dattawa ya roƙe ni alfarma ɗaya, tunda ni ne babba. In bar shi ya kaɗa takenka sau ɗaya a fili bayan girbi, mutane su yi maka bankwana, daga nan ya ajiye shi, ba zai ƙara kaɗa wa kowa ba. Na ce masa ya bar ka ka ji da kabarinka, kada ya ƙara maka nauyi. A gaban jama'a na faɗa, da murya sama, don a san ni mai ilimi ne. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce, “To, ɗan Kututture. Ganga dai ba ta azumi.”

Layunka na kokawa da na ƙone bayan rasuwarka ban yi nadamarsu ba, har gobe. Amma take ba laya ba ne, Baba. Sunanka ne kawai da ganga take faɗa.

Bara Ladidi ƙanwata ta turo mini bidiyo. Wani matashi ne daga wajen Watari yake shiga fili, Tanko yana kaɗa masa takenka, jama'a na kiran sunansa a kai. Kwana uku ina zagin Tanko a zuci. Daga baya na zauna na yi wa kaina adalci. Shi ya zo zai rataye maka lambarka a bango, ni na hana. Mutum da iyali, me zai ci?

Yanzu Tanko yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Shi kaɗai ya rage da ya san kirarinka duka da sunayen waɗanda ka kayar. Jikokinka ba su san ka taɓa shiga fili ba. Tun daga Lahadin nan nake roƙon Ladidi tana zuwa wurinsa da waya tana naɗar abin da ya iya faɗa. Ranar farko ya juya mata baya ya ce, “Wanda ya kore ni ne yau yake nemana?” Washegari ya aika a kira ta, ya ce, “Don Kututture zan yi, ba don shi ba.” Magana tana yi masa wuya, wata rana kalma uku, wata rana ba ko ɗaya. Da ya kasa riƙe ganga sai aka kifa masa ƙwarya ya kaɗa da hannun hagu.

Jiya Ladidi ta kira ni tana kuka. Harshen ya tsaya gaba ɗaya. Idonsa biyu, yana gane mutane, amma abin da ya rage a cikinsa ya rage ke nan.

Ka yafe mini, Baba. Ka yi ta ɗaukata a wuya kana zagaye fili da ni, ni kuma na kasa bari a kira sunanka sau ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka da haske. Allah Ya sassauta wa Tanko, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya saka masa da abin da na kasa saka masa. Allah Ya ba ni ikon zuwa in durƙusa a gabansa kafin a rufe shi.

Ga abin da na iya tsirar maka da shi. Sunayen mutum tara da ka kayar, ban san cikin nawa ba. Kirarinka layi huɗu, na biyar ya tsaya a rabi. Takenka minti ɗaya da rabi, a kan ƙwarya, da hannu ɗaya.

Ɗanka,
Habu.