Ku Mayar wa Babana da Hannun Amininsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tace Littattafan Karatu na makarantun firamaren yankinmu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da sauran 'yan kwamitinka, ina tambayar lafiya da aiki da haƙuri da wannan zamani da mudun gero ya gagari talaka. Allah Ya kawo mana sauƙi, amin.

Sunana Sale. A ƙauyenmu da ke tsakanin Bagwai da Ɗambatta ana ce mini Sale Mai Zane. Noma nake yi, da rani kuma in rubuta allon shago da bayan mota. Ni na zana ɗan littafin nan na hotunan barkwanci na Tanko da Bawa, wanda kwamitinka ya sa aka kwashe daga azuzuwa a farkon daminar bana. Na zo ofishinka aka ce ba ka nan, na dawo aka ce kana taro, na sake dawowa masinja ya ce in bar saƙo. To ga saƙon nan, na bar shi inda kowa zai karanta, tunda abin da kuka yi mana shi ma ba a ɗaki ya tsaya ba.

Na ɗaya. Ka san yadda littafin ya samu. Hedimastan makarantarmu ne ya kawo mini kuka cewa yara sun ƙi karatu. Yaro ya fito gida da ruwan koko a ciki, wani ma ko shi bai samu ba, sai gyangyaɗi a aji. Ya ce in yi musu abin da zai sa su ɗaga kai. Sai na zana tsofaffi biyu. Tanko makwaɗaici ne, yana jiyo ƙanshin ƙuli-ƙuli daga bayan gari. Bawa kuwa sarkin cika baki, ya ce ya taɓa korar kura da takalmi, amma bunsuru na yin atishawa sai ka gan shi a kan bishiya. A wani shafin Tanko ya shiga rumbu ɗanɗana gyaɗa ya maƙale, Bawa na jan ƙafarsa wando ya biyo shi. A ƙarƙashin kowane hoto akwai layi biyu, sai yaro ya karanta su zai san ƙarshen dariyar. Yara suka karanta, wasu makarantu suka ara suka ɗebi kwafi. Iyakar abin da ke cikin littafin ke nan.

Na biyu. Wakilin da kuka turo ya zo ranar taron iyaye da malamai, ya tsaya a gaban mai unguwa da dattawan gari yana ɗaga littafin. Ya ce ya gani a wayarsa yadda a ƙasashen Turawa yanzu ake fitowa a ce wannan mutumin zane namiji yake so, waccan kuma mace take so, kuma ga shi abin ya iso mana ta bayan gida. Hujjarsa uku ce: ba a taɓa nuna matan Tanko da Bawa ba, tabarmarsu ɗaya akushinsu ɗaya, kuma a kowane shafi suna riƙe da hannun juna. Daga nan ya faɗi kalmar. Ya ce 'yan luwaɗi ne. Da bakinsa ya faɗa, da rana tsaka, yara na leƙe ta taga. Bai neme ni ba kafin nan, bai tambayi kowa ko su wane ne waɗannan tsofaffin ba.

Na uku. Bari in amsa masa, tunda ya hau babur ɗinsa kafin in buɗe baki. Haba, ranka ya daɗe, a wace ƙasa mutumin nan ya girma? Ya shiga Ɗambatta ranar kasuwa ya ga dattawan da ke tafe hannu cikin hannu suna hirar farashin taki, duk su ma a kwashe su? Wane magidanci ne a nan yake cin tuwo shi kaɗai in ba marowaci ba? Kai kanka na tabbata kana da amini, kuma kun sha riƙe hannu daga masallaci zuwa ƙofar gida ba wanda ya ɗaga ido ya dube ku.

Batun mata kuwa, ga gaskiyar da da an tambaye ni da na faɗa. Tanko mahaifina ne, Malam Idi. Bawa kuma amininsa ne, Baba Haladu. Ba wanda bai san haka ba a garinmu, domin hular Baba da ke karkace na zana, da ɗingishin Baba Haladu. Da izininsu na yi, kuma su suka fi kowa dariya. Ƙorafin Baba Haladu ɗaya ne, wai na cika masa hanci. To matar Tanko uwata ce da ta haife ni. So kuke in zana Inna da ƙaton baki da zani a karkace, 'ya'yan gari su riƙa nuna ta suna ƙyaƙyatawa? Wane ɗan halak ne zai yi haka? Kunyar da aka raine mu da ita ce wakilinku ya mayar hujja a kanmu.

Sai hannun. Wannan shi ya fi yi mini ciwo. Yanar ido ta rufe wa babana gani, kuɗin aikin asibiti kuwa ya fi ƙarfinmu a wannan tsadar. Shi da Baba Haladu tare aka yi musu kaciya, tare suka yi cin rani, dama can hannunsu ba ya rabuwa. Da idon ya tafi sai suka ci gaba yadda suke. Baba Haladu ya biyo masa su tafi masallaci suna hira, in sun zo kwata ya ɗan matsa masa yatsa, in sun zo tudu ya ɗan ɗaga hannun. Baƙo ba zai taɓa gane wa ke jan wani ba. Babana ya yi shekaru yana tafe a cikin gari kansa a ɗage kamar kowa, ba a ce masa makaho. Wannan hannun na zana, domin ban san abin da ya fi shi kyau a garinmu ba.

Na huɗu. Ga abin da ya biyo baya, tunda ku kun rufe fayil kun manta. Kafin magariba kalmar ta zaga gari. A teburin mai shayi ta zama abin nishaɗi. Yaran da jiya ke karanta littafin suka fara bin tsofaffin nan a baya suna kiran Tanko da Bawa da wata irin murya. Ba su ma san ma'anar abin ba, sun dai ga manya na dariya. 'Ya'yan Baba Haladu suka taru suna roƙonsa ya bar zuwa gidanmu saboda surukansu, ya ce musu wanda ya ƙara wannan maganar bai yafe masa ba. Mun so mu ɓoye wa babana, amma wanda ba ya gani kunnensa ba ya barci. Kuma ka sani, na sani, a ƙasar nan kalma irin wannan tana iya sa a taru a kan mutum da duwatsu kafin a tambayi shaida. Wakilinku ya san haka, ya kuma jefa ta a kan mutanen da ko sanda ba sa iya ɗagawa da ƙarfi.

Wata Juma'a Baba Haladu ya zo kamar kullum, ya yi sallama, ya miƙo hannu. Ina tsaye a zaure. Babana ya laluba, ya taɓa hannun, sai ya janye nasa ya cusa a aljihun riga. Ya ce, "Haladu, miƙo mini bakin sandarka." Baba Haladu ya yi ta rantsuwa yana faɗa, babana ya ƙi fito da hannun. Haka suka fita, ɗaya a gaba ɗaya a baya, sanda a tsakaninsu, irin tafiyar mabaraci da ɗan jagora. Babu hira, don ba a hira da ƙeyar mutum. Sanda kuma ba ta matsa yatsa, a kwatar ƙofar liman babana ya zurma ƙafa ya ɓata rigar Juma'arsa. Wallahi ranar na yi kuka kamar yaro, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Na biyar. Hedimasta ya gaya mini kwamiti zai yarda a dawo da littafin in na ƙara wa kowannensu mata, na kuma raba hannuwan. Ba zan yi ba. Mutumin zane halinsa ake sani, kwaɗayinsa da tsoronsa da wautarsa, da su ake dariya, da su yaro ke koyon wani abu. Ni da na ƙirƙire su ban taɓa zana ƙofar ɗakinsu ba, ku wa ya ba ku mabuɗi? Abin da Turawa suka yi da zanensu can su suka sani, ban gani ba, ba kuma shi ya kawo ni ba. Amma in har gaskiya ne ba sa iya kallon zane biyu sai sun tambayi wa ke kwana da wa, to wakilinku ya fi kowa kwaikwayonsu. Ya zo da sunan tsare tarbiyyar yara, ya tafi ya bar musu kalmar da babu ita a littafin ko sau ɗaya.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ka zo garinmu ranar Juma'a tare da mutumin da ya yi maganar. Bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce bai bincika ba, ƙazafi ya yi, ya nemi gafarar tsofaffin nan biyu da babbar murya kamar yadda ya zarge su. Kada a aiko mana da takarda, babana ba ya gani. Ka kuma hana 'yan kwamitinka yanke hukunci a kan littafi kafin su ji ta bakin mai shi. Littafin kuwa, in kun ga dama ku dawo da shi yadda yake, in ba ku ga dama ba ku riƙe, ba shi ne damuwata ba yanzu. Ku dai yi sauri, don babana ya fara cewa ƙafa na damunsa, gara ya riƙa salla a gida, kuma na san ba ƙafa ba ce.

Allah Ya yi maka jagora a aikinka, Ya tsare ka daga zaluntar wanda ba ka sani ba. Allah Ya ba ka tsufa mai kyau, Ya bar maka ganinka. In kuwa Ya jarrabe ka da rashinsa, Ya ba ka amini irin Baba Haladu, kada kuma Ya kawo wanda zai sa ka janye hannunka daga nasa.

Wassalam.

Naka,
Sale Mai Zane, ɗan Malam Idi.