Takalmin da Ke Rataye a Madubi

Almería, 9 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Yaya Herminia, inuwar gidanmu,

Gaisuwa mai yawan ganyen inabin garinmu Chilecito. Yaya ƙafar Mama? Yaya 'yata Ludmila da karatu? Ni lafiya lau nake. Zafin rumfunan tumatir da nake aiki cikinsu a nan ƙasar waje yana dafa mutum, amma bayana ya fara sabawa, in ban da safiya.

Na ga bayaninki cewa za ku miƙa motar marigayi Baba ga shirin gwamnati, a niƙe ta, a rage muku farashin sabuwa. Tun daga nan ina jiyo muryar mijinki Casimiro: "Kai mawaƙi, wannan akwalar ai turawa muke, ba tuƙawa ba! Rera mata baiti mu gani ko za ta tashi!" Ki ce masa ya yi gaskiya. Mama tana buƙatar motar da za ta kai ta asibiti ba sai an tara maƙwabta ba. Na amince, ko da yake duk ranar da na hango komawata, a cikinta nake ganin kun zo tarbata.

Roƙona ɗaya ne. Takalmin Ludmila na farko, wanda Baba ya rataya a madubin motar don tsarin hanya, kada ya shiga bakin injin niƙar. Ki kwance shi da hannunki, ki aiko mini. Ki kuma auna ƙafarta ta yau da zare, ki sa a ambulan. Zan jera su, in ga tsawon abin da shekaru shida suka ɗauke mini.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙaninki mai kewa,
Nicanor