Akwatin Ordinater Huɗu

Ummu,

Motar Gidigir ta kusa tashi, ba zan iya jira ki dawo daga gidan gwaggonki ba.

Bayan fitarki Mushe Modu, malamin makarantar nan, ya zo daga lakwal ganin aikin. Ransa a ɓace, don darakta ya ce in zafi ya sake kashe musu ordinater, wato kwamfuta, ko guda, zai rufe ɗakin, yara su haƙura da koyo. Muka kunna duka huɗun a cikin akwatin nan da kika haɗa, tun hantsi har aka kira azahar. Ya sa hannu ciki, ya fitar, ya sake sawa. Ya ce, "Malam Burahima, wallahi ko ɗumi babu! Ina ka koyo wannan?" Na ce masa ba ni ba ne, ɗiyata ce.

Da ya tafi na zauna na duba da kyau. Kowace da wurin zamanta, iska na shiga ta ƙasa, bantilater guda, fankar nan, na jan zafin ta sama, wayoyi duk a ɗaure ta baya. Shekara talatin ina kafinta, wannan dabarar ba ta taɓa zo mini ba.

Jiya na ce kina ɓarnar katako, kuma a gaban mutane na faɗa. Ban kyauta ba, ki yi haƙuri.

Makullin shago yana wurin innarki, ki karɓa. Daga yau ba sai kin tambaye ni ba.

Babanki