Abin da ka yi wa Dadi a talabijin

Lahore, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Shujaat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Toronto. Allah ya ƙara muku lafiya, kai kuma ya ƙara maka hankali, don shi ka fi bukata yanzu. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar mahaifiyarmu Ammi ta yi sauƙi har tana hawa bene da kanta, ƙanwarmu Nighat kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Mun ga kashi na farko na wasan talabijin da ka rubuta daga littafin kakanmu marigayi Dada Ji. Ammi ta gayyato matan layinmu kaf, ta sa aka soya pakora, ƙosanmu na nan, tana ta gaya wa kowa ɗanta ne ya rubuta. Ka sani, unguwar nan ma ta sani, Gulbano ta cikin littafin ba kowa ba ce, kakarmu Dadi ce. Shekara bakwai ta yi bayan rikicin raba ƙasa gida biyu ya raba ta da mijinta, tana ci da ɗinkin hannu, ba ta san Dada Ji na raye ko ya mutu ba, ta kuma kori duk manemin da ya zo. Wannan jiran shi ne littafin, shi ya sa har yau ake karanta shi.

Kai kuwa ka jawo labarin zuwa zamaninmu, ka danƙa wa Gulbano waya da mota. To mai waya ai ba ta shekara bakwai tana jira, kira ɗaya ya ishe ta. Da ka ga ka rushe dalilin, sai ka ƙago wani, wai ta san inda mijin yake, ta ƙi nemansa saboda shugaban ofishinta. A gaban idonmu aka nuna su a shagon kofi yana riƙe da hannunta. Matar maƙwabcinmu Butt Sahib ta dire kofin shayinta, ta ce ashe haka marigayiya take, su kuwa suna ta zuwa wurinta neman addu'a. Wata ta ce ai jikanta ne ya rubuta, wa zai fi shi sanin sirrin gidansu. Ammi ta tashi ta shige ɗaki. Na bi ta, na tarar tana goge hoton surukarta da bakin mayafi.

Na ji abin da ka gaya wa Nighat, wai masu tallan sabulun da ke ɗaukar nauyin wasan ba sa son mace mai zaman jira, yaran yanzu kuma ba su da haƙurin kallon allura da zare. To da ka ga haka, me ya hana ka rubuta naka labarin, ka bar mana matattunmu su kwanta? An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma kai ka ɗebo kana can nesa, bakinmu ne ya ƙone.

Littafi na biyu na Dada Ji, wanda bai kai ga bugawa ba, da ka ce a aiko maka, ba za ka gan shi ba. Ni da baffanmu Chacha Imtiaz mun miƙa shi ga ɗakin karatu na jami'a, da sharaɗin ba wanda zai mai da shi wasa, ko da jininmu ne.

Ka gaishe da matarka Rukhsana, da Danyal da ƙaramar Hania. Na tambayi Ammi ko in sa gaisuwarta gare ka, ta ce in gaishe da yara.

Yayarka,
Farkhanda