Gaisuwar da Za Ta Cinye Mana Gona

Assalamu alaikum Yaya Sabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal, ya kasuwa? Mu nan Bunkure lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Gonarmu ta bakin kanal ɗin noman rani da marigayi Baba ya ba Malam Iro aro, yanzu ya ce tasa ce, kuma ranar Litinin za mu tsaya gaban alƙali. Don kada in je da ka, na sami wani tsohon magatakardan kotu a Kura, ya buɗe min littafin fiƙihu. A nan na ji kalmar da ta hana ni cin abinci, wato hauzi. Ya ce idan wani ya shekara goma yana noma wuri, mai wurin yana gani bai tanka ba, ƙararsa ta faɗi, sai in ya kawo shaida cewa aro ne.

Cikin shaidun Baba, Malam Tanko mai albasa kaɗai ya rage, an ce yana can wajenku. Don Allah ka nemo shi, ka sako shi a mota.

Magatakardan ya ce kai kana da uzuri tunda ba ka gari. Ni fa? Shekara goma sha ɗaya ina wuce Malam Iro yana dashen shinkafa a gonar ubanmu, kunya ta hana ni cewa komai sai "sannu da aiki."

Ka gaida Yaya Hauwa da yara. Ku taya mu da addu'a, kada gaisuwata ta cinye mana gona.

Ƙaninka,
Habu