Katin Kwamfutar Zainu

Kankiya,
Jihar Katsina.
18 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ɗana Abdullatif,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka Malesiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna bana, geron gonarmu ta Rimaye har ya fara fitar da kai. Mahaifiyarka ta zo daga Yashe ranar Juma'a ta kwana biyu wurinmu, ƙafar nan tata ta yi sauƙi ƙwarai.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Ƙanwarka Rauda za ta ɗauki hotonshi ta turo maka. Ɗakin ɗan'uwanka Zainul Abidin na jikin nawa, duk abin da na faɗa a waya yana ji, maganar kuwa a kanshi take.

Ka san tun da ya faɗi da babur a hanyar Kusada, shekara biyu ke nan, ƙafafunshi ba su sake ɗaukarshi ba. Abin da ya riƙe shi shi ne kwamfutar tebur ɗin nan da yake zanen gine-gine da ita. Mutum zai kawo mashi awon fili, ya fitar mashi da gida a allo, har da ƙofofi da inuwar taga, kamar ka sa ƙafa ka shiga. Masu zuwa Injiniya suke ce mashi, allon suke kallo, ba su kallon keken da yake zaune a kai. To, mako biyar da suka wuce allon ya fara wasu layuka kore-kore, daga nan ya ɗauke. Kamalu mai gyaran kwamfuta a bakin tasha ya buɗe ta, ya ce katin da ke sarrafa hoto ne ya ƙone, wanda suke kira girafik kad, kuma ba ya gyaruwa sai dai a sake wani.

Tun ranar Zainu ya daina fitowa zaure. Abinci sai mahaifiyarshi ta tsaya a kanshi. Na tambaye shi wane iri za a sayo, ya ce mani in bar shi kawai, ya isa haka wahalar da yake ba mu. Na sake tambaya bayan kwana uku, ya ja mayafi ya rufe fuska. Shi kaɗai ne a gidan nan ya san kan abin, shi ne kuma ya ƙi magana.

Sai na tafi wurin Kamalu da kaina. Ya nuna mani guda biyu a wayarshi, waɗanda wani abokin cinikinshi ke da su a Kano. Na ɗaya sunanshi RTX 3060, na hannu ne, ƙwaƙwalwarshi giga goma sha biyu, yana jan wuta wat ɗari da saba'in. Na biyu RTX 4060, sabo a kwali, giga takwas, wat ɗari da sha biyar. Na ce ai sai a ɗauki mai babbar lamba, wato 4060. Kamalu ya ce lallai ya fi sauri, amma in zane ya yi girma giga takwas na iya cika, aikin ya riƙa tsayawa. Na ce to a ɗauki mai sha biyun. Ya ce in tuna da solarmu ƙarama ce, mai jan wuta da yawa zai cinye batir tun kafin la'asar in akwai hadari, kuma na hannu ba wanda ya san irin aikin da ya sha a hannun mai shi na farko. Na roƙe shi ya zaɓar mani, kamar yadda zai zaɓar wa mahaifinshi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi gyara ya iya, bai taɓa zana ko ɗaki ɗaya ba, kuma in kaya ya baro Kano ba a maida shi. Ban ga laifinshi ba.

Abdullatif, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a firamare. Na kwafe lambobin nan a takarda, na ja layi tsakani, na jera su gefe da gefe. Kowace lamba na san ta, amma ban san abin da take nufi ga yaron nan ba. Ƙarfinmu na sau ɗaya ne. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in kawo wanda bai dace ba, ya kunna, ya gane, ya yi mani godiya, ya kashe.

Ga kuma Alhaji Shehu, shugaban kwamitin Islamiyyar Dudunni, ya zo sau biyu neman zanen ajujuwansu da Zainu ya fara. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya dai ce mani suna son sa harsashi da an ɗauke ruwa, in ba a samu ba zuwa ƙarshen wata mai zuwa dole su kai wa wani a Katsina. Ban gaya wa Zainu ba.

Jiya bayan la'asar na shiga ɗakinshi na aje takardar lambobin a gefen katifa, na fita. Da na koma ɗaukar kwano na iske ta inda na bar ta, shi kuma fuskarshi na bango. Na ɗauko ta, sai a tsakar gida na lura. Ashe wurin kwafewa na rubuta RTK, ya soke K ɗin ya rubuta X a samanta, a duka biyun. Bai zaɓi ko ɗaya ba. Amma rabonshi da riƙe biro tun ranar da allon ya ɗauke. Na daɗe tsaye da takardar a hannu, ban san ko in koma ciki ko in ƙyale shi ba. Na ƙyale shi.

Don Allah ka duba mani waɗannan biyun, kai da ka karanci abin. Ka rubuto amsa da Hausa, a taƙaice, wannan ko wancan. In kuma ka samu sarari ka kira shi, kada ka yi mashi zancen kati ko jiki. Ku yi hirar ƙwallo ko ta makarantarku ta da. Wataƙila kai ya amsa maka.

Mahaifiyarshi Zinariya na gaishe ka, haka Rauda da Mubarak. Ka gaishe mani da matarka Shamsiyya, ka shafa mani kan ƙaramar Hawwa. Ka sa ɗan'uwanka cikin addu'a. Allah Ya tsare ku, Ya maido mana da ku lafiya.

Ni ne kawunka,
Malam Hussaini Dawuda.