Na San Abin da Zai Sami Tsohon Maƙerin, Yayana Bai Sani Ba

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan kin ga abin nawa kamar na yara. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Duk wanda zan gaya wa a gida dariya zai yi, ya ce a kan katun nake ɓata raina.

Shekarata ashirin da uku, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a wani kantin magani. Yayana da nake bi ya girme ni da shekara huɗu. Shi ya koya mini kallon fina-finan zanen nan na Japan da ake kira anime, masu fitowa kashi-kashi duk mako. Tun Baba yana da rai, kowace Asabar da yamma mukan ja ƙaramin teburin falo, mu ɗora kwamfutar Yaya a kan wani ƙaton ƙamus don ta ɗan ɗago, mu zauna a doguwar kujerar nan da ta lotsa ta gefe ɗaya. Abin sawa a kunne guda muke rabawa, shi na dama ni na hagu, domin Mama ta ce ihun mutanen nan yana sa mata ciwon kai.

Da an gama kashin ranar, kowa sai ya yagi takarda ya rubuta hasashensa: wane ne maci amana, wa zai dawo, me ke cikin akwatin da aka ƙi buɗewa. Mu naɗe, mu jefa a wani tsohon gwangwanin madara, sai labarin ya kai wurin mu buɗe. Wanda ya yi kuskure, shi ke da wanke-wanken Lahadi. Kusan kullum ni ce a bakin famfo, shi kuma ya kife bokiti ya zauna yana karanta takardata da muryar mai karanta labarai, yana cewa a kawo wa Auta lambar yabo ta kuskure. Doka ɗaya muke da ita, ba a leƙa littafi. Yawancin fina-finan nan daga littattafan zane ake ɗauko su, manga ake ce musu, kuma littafin yakan yi wa fim ɗin nisa ƙwarai. Wanda ya karanta ya riga ya san komai. Yaya yakan ce mai leƙa littafi da mai satar amsa a jarrabawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bara ya sami aikin gyaran injinan asibiti a wata ƙasa mai nisa, ya tafi da kwamfutarsa. Yanzu a waya nake kallo, da kunne biyu, kuma har yau sautin yana yi mini yawa.

Akwai wani da ake nunawa a wannan zangon, wanda muka fara tare daga nesa. Ba zan faɗi sunansa ba, na kuma ɗan sauya kamanninsa don kada in ɓata wa masu kallo. Wani gari ne a bakin teku, dole a kaɗa babbar ƙararrawa kowace safiya, in ba haka ba ruwa ya cinye garin. Akwai wani tsohon maƙeri mai ƙera ƙararrawa, da yarinyar da ke koyon aiki a wurinsa, da wani mai rufaffiyar fuska da ke sace ƙararrawoyin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan, Malama, Baba ne sak. Yana yi maka faɗa yana gyara maka abin da ka ɓata. Ranar da muka fara ganinsa, hoton tsohon kawai Yaya ya turo mini.

Da farko duk Lahadi yana kira, mu yi musu. Sai kiran ya koma saƙon murya, saƙon ya koma "na gani, Auta, aiki ya yi yawa". Har aka yi mako uku ban ji muryarsa ba. Na san ba da gangan ba ne, amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban.

Wata Talata aka wuni ana ruwa, ko mai sayen maganin ciwon kai bai leƙo ba. Mai kantin ya tafi sarin kaya. Na goge kantoci, na jera kwalaben maganin tari har sau biyu, na rasa abin yi. Sai na zauna a kan kwalin maganin ƙarin jini a bayan kanta, na nemo littafin a waya, na ce babi ɗaya kawai. Ban ɗago ba sai da batirin ya mutu. Na san fuskar da ke ƙarƙashin rufin, na san komai har ƙarshen zangon.

Da nan na tsaya, da sauƙi. Amma sai na koma kashin baya ina neman alamun da za su dace da abin da na riga na sani. Na tarar a kashi na uku mai rufaffiyar fuska ya kama igiya da hannun hagu, haka ma shugaban masu kaɗa ƙararrawa. Na yi wa Yaya saƙon murya, na ce wani tunani ya zo mini, kamar mutum ɗaya ne. Bayan mako biyu abin ya fito daidai. Daga matattakalar asibiti ya kira ni, muryarsa tana amsa kuwwa, yana cewa, "Auta! Ke 'yar duba ce? Yaushe kanki ya fara aiki?" Minti arba'in da bakwai muka yi. Na duba.

To, kin san sauran. Na sake, na kuma sake. Har na koyi saka kuskure ɗaya cikin kowane hasashe uku don kada a gane. Yanzu ba ya fashin kira. Yana cikin wani zauren masu kallo a intanet, yana ɗora hasashena a can da sunan ƙanwarsa. Makon jiya wani ya ce wannan yarinyar littafi take karantawa. Yaya ya rubuta masa dogon raddi, ya ce ƙanwarsa ko alawa ba ta taɓa ɗauka ba a ba ta ba, in ba a yarda da ita ba shi ma a cire shi. Ya ɗauki hoton rubutun ya turo mini, yana jiran in ji daɗi. Ina cikin auna wa wata mata maganin ɗanta na gani, sai da na nemi ta maimaita mini shekarun yaron.

Saura kashi uku a gama. A na Asabar mai zuwa tsohon maƙerin zai mutu. Shi kuwa Yaya ya gina nasa hasashen, wai ƙaramin jirgin ruwan da aka nuna a bayan maƙera tun farko, da shi tsohon zai tsira. Jiya ya ce mini, "Ke da ba ki cika kuskure ba, gaya mini, zai tsira ko?" Na ce layin ba kyau, na kashe.

Idan na faɗi gaskiya, ina tsoron kiran ya yanke, kuma na kunyata shi a gaban mutane. Idan na yi shiru, kiran da nake samu ba nawa ba ne, na wata mai basira ce da babu ita. Kallon ma ya daina yi mini daɗi. Abin da nake kewa shi ne in yi kuskure, in tsaya a bakin famfo hannuna duk kumfa, yana bayana yana tsokanata. Malama, yaya zan yi kafin Asabar?

Autar da ta leƙa littafi

*

'Yata Auta, na karanta wasiƙarki ban yi dariya ba. Ni ba gwanar kallon waɗannan fina-finai ba ce, don haka na tambayi ɗalibaina na aji shida, ba tare da na ambace ki ba, me ake yi wa wanda ya karanta littafi ya zo yana cewa hasashe ne. Aji ya kaure. Wata ta ce a kore shi daga zaure, wani ya ce a hana shi magana har ƙarshen zango. Sai wata mai shiru-shiru a layin baya ta ce ita kam tausayinsa take ji, domin shi kaɗai ne a ɗakin ba ya jiran komai. Ina ganin ta fi kowa gane ki.

Bari mu fara da naki laifin, don ba zan shafa miki mai a baki ba. Leƙa littafin ƙaramin abu ne, kowa yakan gaji da jira. Abin da ya girma shi ne kin sayar masa da sani a matsayin basira, kin maimaita, har kin tsara kuskure don rufe sawu. Kin bar shi ya tsaya miki a gaban jama'a a kan abin da ba haka yake ba. Wannan ƙarya ce, kuma ke ma kin sani, shi ya sa kika rikice a wurin aiki. Ki kula da wannan, aikinki ba ya son rabuwar hankali.

Shi ma Yayanki yana da nasa kason. Mako uku ba kira, ga ƙanwar da kuka rasa uba tare, ya yi yawa. Sai dai ki tuna shi ne baƙo a can. Sabon aiki, sabbin mutane, ya dawo ɗaki ba wanda zai ce masa sannu. Kina tsammanin basirarki ce ta dawo da shi. Ni ban ɗauka haka ba. Mutumin da ya bar aiki ya ruga matattakala don ya yi miki ihu a waya, dalilin kira yake nema tuntuni, ke kuma kika miƙa masa. Maza da yawa ba su iya ɗaga waya su ce kewa ce ta sa ba, sai sun sami abin fakewa.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki gaya masa kafin Asabar, da muryarki, ba a rubuce ba. Kada ki fara da kare kanki. Ki ce kin karya doka, ki faɗi tun yaushe, sannan ki faɗi dalili kamar yadda kika faɗa mini, har da zancen mako ukun nan. Idan ya yi fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Zai iya yin kwana biyu bai ɗaga wayarki ba. Kada ki bi shi da saƙo ashirin, guda ɗaya ya isa.

Maganar zaure kuwa, kada ki bar masa nauyinta. Ki rubuta gajeren bayani da bakinki, cewa ke kika ɓoye masa, shi bai sani ba, wanda ya zarge ki kuma ya yi gaskiya. Ki ba shi, shi zai zaɓa ko ya ɗora ko ya bari. Masu kallo suna da saurin fushi, suna kuma da saurin mantuwa, da sabon kashi ya fito sun koma musunsu.

Game da tsohon maƙerin, ki rufe bakinki ruf. Ko ya roƙe ki, ko ya ce ai yanzu ba komai, kada ki faɗa, kada ma muryarki ta faɗa. Ki bar shi da jirginsa har ranar. Wannan jiran nasa ne, kada ki ƙwace masa shi ma. Abin da za ki iya yi shi ne ki nemi ku daidaita lokaci, ku kunna kashin tare, wayarku a buɗe. Kin riga shi sanin inda zai yi zafi, to ki zama kina nan idan an zo wurin. Ba sai kin ce komai ba. Wataƙila ranar ce za ku yi zancen Babanku da kuka daɗe kuna zagayewa.

Ɗalibaina sun ce akwai fina-finan da ba su da littafi, kai tsaye aka ƙirƙire su, babu inda za a leƙa. A zango mai zuwa ku zaɓi irin wannan, ki koma yin kuskurenki cikin kwanciyar hankali.

Amma abu mafi muhimmanci, kada ki rataya zumuncinku a kan labarin da saura mako uku ya ƙare. Bayan ƙura ta lafa, ki zaɓi wata ranar Laraba, ranar da ba sabon kashi, ba hasashe, ba abin burgewa ko ɗaya a hannunki, ki kira shi. Zai ɗauka da sauri ya ce lafiya, me ya faru? Ki ce masa ba abin da ya faru, Yaya, kewarka nake yi.

Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya tsare Yayanki a inda yake, Ya sanyaya zuciyarsa idan ya ji, ke kuma Ya ba ki ƙarfin halin faɗa.

Taku a kullum,
Malama